Kuɗin da Ba Sa Sayen Gishiri

Shekara talatin ina zaune a Wapa,
kan benci, ƙarƙashin rumfar kwano,
ina lasar yatsa, ina ƙirga na mutane.
Duk baƙuwar takardar da kasuwa ta ƙi
ni ke karɓa, in tafi da ita gida,
in kwantar da ita a tsohon kundin rasit.

Yahanasu ta ce, "Malam, kana ta tara
kuɗin da ba sa sayen gishiri."
Na ce, ai ba cefane na kawo su ba,
hira suke taya ni.

Ga Sidi ta Gana, wani direban goro ya bar min.
Wuri ke nan, in ji shi, da bakin mutanensu.
Na yi dariya har hula ta karkace:
mu ma da muke cewa kuɗi,
ai wuri ne ya yi yawa.

Kwaca ta Zambiya, mikiya a goshinta,
wai ma'anarta gari ya waye.
Irin sunan da uba ke raɗa wa 'ya
bayan doguwar naƙuda.

Fula ta Botsuwana, ruwan sama.
Wanda ya taɓa kallon gero yana ƙonewa a tsaye
ba sai an yi masa fassara ba.

Amma wadda na fi daɗewa a kanta tamu ce,
tsohuwa, ta yi laushi kamar tsumma,
da dalar gyaɗa a bayanta
da 'yan dako, buhu a ka.
Nakan sa tabarau, in matso da fitila,
ina neman Baba a cikinsu.
Fuskokin sun yi ƙanƙanta.
Wuyan dai nasa ne.

Ta Zimbabuwe kuwa, duwatsu uku a ɗore,
sifili a jere kamar ƙwan zabuwa.
Jikana Nafi'u ya sace ta ran wata Juma'a,
ya kai wa mai gurasa, yana taƙama.
Ya dawo hannu rabbana, ido ya cika:
"Kaka, duk wannan yawan, ko rabi bai ba ni ba."
Na rasa ta inda zan fara.

Sai shekarar da aka canza launin namu.
Layin banki ya kai bakin titi,
mai kuɗi da maras shi duk hamma ɗaya.
Da dare Yahanasu ta ɗaga katifa,
ta kwance ƙullin adashinta,
ta zare dubu guda, mai ajami a gefe,
ta ajiye min a cinya.
"Ga baƙuwa, ƙara a kundinka."

Na buɗe sabon shafi, na shafe ta da tafin hannu.
Ƙarƙashin kowace nakan rubuta ƙasa da ma'ana.
Wannan na riƙe biro har aka kira assalatu.