Ƙaramin Huhu

Ran da jakunkunan iskar motarmu suka fashe
a hanyar Uis, sai ta zauna daɓas
kamar saniyar da ta ƙi tashi.
Baba Gotlieb ya zagaya ta sau biyu,
ya tofar da yawu, ya ce: ƙarfe za mu koma wa.
Aka sa mata sifirin, ta miƙe.

Kwamfaresan da ke hura jakunkunan ya rasa aiki,
ɗan baƙin abu, bai fi burodi girma ba,
maƙale a ƙarƙashin mota, laka ta toshe masa baki.
Ƙanena Eliaser ya ce a ba 'yan gwangwan.
Baba bai tanka ba.
Shekara ashirin da ɗaya ya yi yana haƙar kuza,
ranar da aka sallame su
abin da aka faɗa musu ke nan, da lafazi mai laushi.

Kwana huɗu yana tsugune a inuwar gareji.
Ya wanke shi da kananzir,
ya cire bawul ɗin da ya ci tsatsa,
ya ja jar waya daga batir, ya sa fiyus,
ya yanko tiyo kamu goma sha biyu
daga tsohon injin feshin maƙwabciyarmu Hendrina,
ya ɗaura geji mai tsagaggen gilashi.
Makunnin kuwa na fitilar ɗakin Mama ne.
Ni ce mai miƙa sufana.
Lamba goma, Sanna. Goma na ce.

Ran Asabar muka nufi teku kamun kifi.
Inda tsakuwa ta ƙare, rairayi ya fara,
nan ake sassauta wa taya:
ka danna bakinta da ƙusa, ta yi ta huci
har ta baje kamar tafin giwa.
Mota ta bi tudun yashi ba ta nutse ba.
Sakin iska ba wuya,
mayar da ita ne aiki.

Da yamma, kifi uku a akwatin ƙanƙara,
sanyin teku ya fara shiga ƙashi,
Baba ya danna makunni.
Abin ya yi tari, ya yi karkarwa, ya kama,
allurar geji na hawa
kamar tsohuwa a kan tsani.

Ba don wannan aka ƙera shi ba.
An yi shi ne ya ɗan shaƙa, ya ɗaga mota, ya yi shiru.
Ita kuwa taya ciki gare ta.
Kafin ta biyu ta cika har ya ɗau zafi.
Baba ya taɓa shi da bayan hannu, ya kashe.
A bar shi ya huta.
Eliaser ya dubi agogo:
na kanti, minti biyar ya gama da huɗun.
Baba ya zauna a bakin ƙofar mota,
ƙirjinsa na kukan nan da muka saba ji da dare,
kuzar da ta shiga ta ƙi fita.
Ya ce: wanda ke yi maka aikin da ba nasa ba,
ba ka tsaya masa a ka da agogo.

Muka jira. Muka sha shayin filas da ya huce.
Wani dila ya tsaya daga nesa yana lissafin kifinmu.
Taya ta uku. Hutu. Ta huɗu.
Duhu ya riga mu hawa titin gishiri.

Bana ni kaɗai na je.
Eliaser yana Windhoek, ya aiko min da na kanti,
yana nan bayan kujera, ko kwalin ban ɓare ba.
Na durƙusa, na haɗa tiyo, na danna makunnin Mama.
Taya biyu, na taɓa da bayan hannu,
na kashe.
Na zauna a bakin ƙofa, na bar masa gefensa,
ina jin ƙarfen yana ƙas, ƙas,
yana hucewa.