Tafinta a Teburin Babana

A Quanzhou, hawa na shida, lif ya lalace.
Joris ya iso yana haki, rungume da kwali.
Baba ya tare shi da silifa ƙanana,
duddugen baƙo ya kwana a waje.

Ya miƙa kwalin da hannu ɗaya.
Baba ya ce a'a. Ya ƙara cewa a'a.
Kafin ta uku, wadda bayanta ake karɓa,
mijina ya janye kayansa,
don a Utrecht in an ce a'a, magana ta ƙare.
Na mintsine shi. Ya sake miƙawa.
Baba ya ɗora kwalin kan kabad, ko leƙawa bai yi ba.
Joris ya raɗa mini: bai so ba ne?

Mama ta cika masa kwano.
Ya cinye tas, yadda uwarsa ta hore shi.
Mama ta ga kwano fayau, ta ce yaron nan yunwa,
ta sake cikawa.
Sau huɗu ladabi yana kokawa da ladabi,
gumi na zuba, ya roƙi ruwan sanyi,
ta kawo masa mai tururi, don lafiyar cikinsa.

Baba ya ce: 'yata Ruolan malalaciya ce, ko shinkafa ba ta iya ba.
Joris ya ce: babu kamarta a duniya.
Kowa ya ji kunyar maganar ɗan'uwansa.
Ni ce gadar, ni ake takawa.
Rabin zance na haɗiye da shayi,
rabin na sa masa riga kafin ya ƙetare.

Da dare ya raba na ji ƙarar takarda.
Agogon bango ne a kwalin.
A harshenmu, ba da agogo da raka gawa
furucinsu ɗaya.
Baba ya daɗe a tsaye.

Da safe ya kama hannun Joris,
ya danƙa masa kwabo ɗaya, ya rufe yatsun:
na saya, ba kyauta ba ce.
Joris ya dube ni. Ban fassara ba.

Agogon yana nan saman firij.
Shekara uku ke nan, Baba ya hana a gyara shi.
Lokacin Utrecht yake bugawa.
Mama ta ce da rana tsaka yakan ɗaga kai
ya ce, yanzu ta tashi.