Ƙofar Shuɗiya Ce

Likita Quilodrán ta ajiye mini takarda
a teburin karɓar baƙi, kusa da tulin katuna.
Ta ce, "Nélida, ga abin da kamfani ya rubuto
don fuskar shafinmu na intanet. Duba mana."

Na duba.
"An kafa cibiyarmu bisa tubalin nagarta.
Mun himmatu wajen samar da ingantacciyar kulawa."
Layi goma sha ɗaya, duk ado,
an ci kwalliya ba a san gidan biki ba.
Lambar waya kuwa tana can ƙasa,
sai ka yi ta gangara
kamar mai sauka daga tuddan Valparaíso zuwa bakin teku.

Shekara goma sha tara ina ɗaga wayar nan.
Ban taɓa jin wanda ya kira ya tambayi tubali ba.

Don Eleuterio, mai ɗinkin komar masunta,
ido ya yi yana, yatsu sun yi kanta,
tambayarsa ɗaya ce: "Akwai matakala?"
Gwiwarsa ke tambaya, ba shi ba.

Ga Maite, ƙarfe ukun dare,
jariri a kafaɗa, jikinsa kamar garwashi,
babban yatsa ɗaya ya rage mata
na latsa waya.
Ina ta ga lokacin jin tarihinmu?

Mai ciwo ba karatu yake ba, lalube yake,
kamar mai neman makunnin fitila
a ɗakin da bai taɓa kwana ba.

Sai na kifa takardar, na rubuta a bayanta da biro:

"Sannunku. Kun iso.
In numfashi ya yi wuya, ko ƙirji ya riƙe,
kada ku jira mu, ku kira motar asibiti yanzu.
In ba haka ba, ga lambarmu da manyan baƙaƙe.
Muna buɗewa ƙarfe takwas, Litinin zuwa Asabar.
Babu matakala.
Ƙofar shuɗiya ce, daura da gidan burodi.
Ku zo da katinku. In ya ɓata, ku zo haka nan."

Likita ta karanta a tsaye,
kofi na hucewa a hannunta.
Ta ce, "To, ina digirorina?"
Na ce, "Suna shafi na biyu, ba za su gudu ba."
Ta yi dariya, ta soke kalma guda,
ta maido wata da na cire.
Mun ɗan ja a kan wani waƙafi, ta ci.

Ranar Talata, ana yayyafi,
Don Eleuterio ya iso shi kaɗai.
Jikarsa ce ta karanta masa jiya da dare.
Bai ce rubutu ya yi kyau ba.
Ya dafa ƙofar da tafin hannu,
ya ce, "Ashe kuwa shuɗiya ce,"
sannan ya nemi kujera kusa da taga
inda ake jin kukan jiragen ruwa.