Gajiyar Ƙarfe

Ashe ƙarfe ma yana gajiya.
Ban sani ba sai a Sheffield,
garin da ruwan sama ba ya sallama,
inda tsofaffin maƙeru suka koma gidajen haya
da shagunan shan gahawa.

Teburina a hawa na huɗu yake,
jikin tagar da ba ta rufuwa ruf.
An ba ni sandar da ke haɗa ƙafafun jirgin ƙasa,
ba ita kanta ba, surarta a cikin kwamfuta.
Na yayyanka ta gida-gida kamar komar masunta,
gida dubu ɗari takwas,
kowanne ya jingina da kafaɗar maƙwabcinsa.
Sai in aza musu kaya, in sauke,
in aza, in sauke,
sau miliyan,
ina jiran wanda zai fara cewa wayyo.

Ba babban kaya ke karya ƙarfe ba.
Yau da gobe ce,
ita da ke sa allura ginin rijiya.
Tsaga ce da ba ta kai silin gashi ba,
tana ƙara taku ɗaya duk juyin ƙafa,
ba ta gaggawa, ba ta fashi.

Daren Talata lissafi ya yi awa sha ɗaya yana tafiya,
sai ya cije.
Jan rubutu ya fito: lambobin sun ƙi jituwa.
Na bi layi-layi har idona ya yi yaji.
Alama ɗaya ce tak,
na sa ragi inda ake son ƙari.
Na yi sallar asuba tsakanin firinta da kwandon shara,
na sake tayar da shi daga farko.

A ƙasa, ɗakin gwaji, akwai dattijo Ollerenshaw.
Shekara ashirin da shida ya yi a bakin tanderu
kafin a kashe wutar,
can ya baro rabin ɗan yatsa.
Ba ya duban allona.
Ya ƙwanƙwasa sandar gaske da sifana,
ya kara kunne kamar mai sayen tukunya,
ya ciro alli daga aljihu, ya ja layi:
“Nan za ta buɗe.”

Wata biyar na yi kafin jan tabo ya bayyana a hotona.
Na sauko da takarda, muka gwada.
Tsakanin tabona da allinsa
bai kai faɗin farce ba.
Ya ce in sha shayi.
Na rasa murna zan yi ko haushi.

Ran Lahadi Baba ya kira daga Panteka,
ina jin kukan injin walda a bayansa.
“Ladiyo, har yau me kika ƙera?”
Na ce, “Ba na ƙira, Baba.
Ranar da abu zai karye nake lissafawa.”
Ya yi shiru har na ɗauka layi ya yanke.
“To, ki riƙa faɗa musu da wuri,
kafin mutane su hau.”

Kwantiragina zai ƙare a Maris, biza na biye da shi.
Takarda tara na aika neman aiki,
Derby, Bristol, wata har Ohio.
Huɗu sun dawo da ladabi mai sanyi,
sauran ko tari.
A aza, a sauke.
Wani lokaci a bas nakan dafa ƙirjina
ina neman inda tawa tsagar ta soma,
amma ba wanda ya yayyanka ni gida-gida,
ba kuma mai ƙwanƙwasa ni ya saurara.

Gari ya waye. Jirgin cikin gari ya gifta ƙarƙashin taga,
cike da ma'aikatan asibiti da 'yan makaranta,
wani yana gyangyaɗi da kansa jikin gilashi.
Ba wanda ya dubi ƙasa.
Na juya ga allo.
Mataki na dubu huɗu da goma sha uku,
lambobin suna tafiya.