Ƙofar da Ba Ta Jin Hausa

A kwalin gwanjo na tsince shi, a Fam Santa,
ƙarƙashin matattun cajoji da wayoyi marasa fuska.
Faifai ɗaya, bayansa duk ƙarzuwa,
gabansa yarinya da laimar takarda
tana tsaye kan gada, ruwa na zuba.
Mai shagon ya ce, "Wannan ba ya yi a nan.
Kawo ɗari biyar ka raba ni da shi."

Sai da Kamilu ya farke cikin na'urata,
ya ɗiga mata dalma a wata jijiya,
kafin ta yarda ta haɗiye shi.
Wai an shata masa iyaka
kada ya tsallake tekun garinsu.
To, ga shi a Ɗorayi, a shagona,
tsakanin mai aski da mai cajin waya.

Rubutun kamar sawun kaji a jiƙaƙƙen yashi,
ba boko ba, ba ajami ba.
Nazifi ya gyara zama, ya ce shi ne tafinta,
irin yadda ake yi wa finafinan Indiya.
Yarinyar ya raɗa mata Tasalla.
Tsohon nan na bakin gaɓa kuwa,
duk sanda ya motsa baki sai Nazifi ya ce,
"Kuɗin gyaɗarsa yake bi, a biya shi!"
Mu yi ta dariya har inji ya shanye mai.

Wata biyu muka yi gaban wata jar ƙofa.
Zaɓi uku, kowanne ƙugiya da lauje.
Mun danna na sama, kare ya yi haushi.
Na tsakiya ya mai da mu kan gada.
Na ƙasa kuwa, allo ya yi baƙi ƙirin,
muka rasa ko mutuwa ce ko NEPA.

An ce Turawa ma suna ta ƙorafi,
wai an hana su na biyu da na uku,
sun tara sa hannu dubbai sun aika Tokyo.
Ina muku jaje.
Amma ku sai an ƙirga ku ake hana ku.
Ni na bi jerin ƙasashe tun daga sama,
na gangara har babban yatsana ya gaji,
ban ga inda zan ce daga nan nake ba.

Ran wata Laraba, Bilki ta kawo wa Ashiru kwanon tuwo,
ta tsaya, ta ɗora idon wayarta a kan allo.
Haruffan suka narke, suka koma Turanci.
Ashe tsohon ba bashi yake bi ba.
Ɗansa ne ya fita da jirgin kamun kifi,
kullum tambayarmu yake ko mun gan shi a hanya.

Shagon ya yi tsit.
Nazifi ya miƙe, wai zai sayo ruwa.

Ƙofar fa?
"Mabuɗin yana kashi na biyu."
Shi ke nan abin da take ta faɗa mana.
Kashi na biyu kuma, shekara goma sha ɗaya,
yana kan kanta a wani gari da harshena ba ya iya furtawa,
ƙila ma an karya masa farashi,
ƙila yara na wuce shi ba sa ko waiwaye.

Na sayi littafi mai ganye arba'in.
Kullum bayan isha'i, in na kashe inji,
harafi uku da hasken tocila.
Kamilu ya ce na samu taɓi.
Na kai ashirin da bakwai.

Jiya na karanta kalmata ta farko ba da waya ba,
a bakin Tasalla, a kan gada.
Ruwan sama take nufi.
Na leƙa waje, kwata ta cika ta tumbatsa,
mai aski yana janye bencinsa ciki.

Baba, ban ga ɗanka ba tukuna.
Amma yanzu na san abin da kake tambaya.