Daƙiƙa Ashirin da Biyar

A Olavarría iska ba ta sallama.
Daga makiyayar shanu take tasowa, ta bi ta masana'antar siminti,
ta kwashi jar ƙasar fili ta watsa mini a haƙora.
Biyar da huɗu. Ni ke gaba, ni ke da bugu.
Maki guda ya rage,
sai hannuna ya zama na wata.

Ƙwallon farko ta ci raga.
Ta biyu ta tsallake layi da faɗin yatsa.
Na ga sawunta, ɗan tabo mai siffar ƙwai,
alƙali ma ya sauko ya duba, ya girgiza kai.
Can a benci babana ya cire hula, ya mayar,
shi da ya sayar da motarsa a watan Maris
saboda kuɗin masauki da igiyar raket.
Bai ce uffan ba.
Da ma ya ce.

Daƙiƙa ashirin da biyar doka ta ba ni
tsakanin wanda ya zube da wanda ke tafe.
Nélida ta ce a nan wasan yake, ba a dantse ba.
Ran nan a ofishinta, ƙoƙon mate yana huci tsakaninmu,
ta ce, "Ludmila, akwai wata mai baki a cikin kanki.
Kada ki kore ta, korarriya da gayya take dawowa.
Ba ta kujera. Raɗa mata suna."
Na raɗa mata Gwaggo Pocha.

Ga ta kuwa, har da jakarta:
"Haka kika yi a Azul. Haka kika yi a Junín.
Ke dai kin iya ɗauko tulu tun daga rafi
ki fasa shi a bakin ƙofa."

Na ce, sannu da zuwa, Gwaggo, ga wuri.
Na juya wa raga baya.
Na gyara igiyoyi huɗu waɗanda ba su karkace ba.
Tawul: goshi, wuya, tafin hannu.
Numfashi ta hanci, ɗaya, biyu, uku, huɗu,
na sake shi sannu kamar mai hura wa yaro kunu.
Ƙafafuna na nan. Ƙasa na nan.
Abin da ya wuce ba shi da raket, ba zai buga ba.

Da na juyo sai na hango Abril Quiroga a tsallake
ta durƙusa tana ɗaure takalmin da yake a ɗaure.
Ashe ita ma da tata gwaggon ta zo.

Na dunguri ƙwallo a ƙasa sau uku.
Ba kofi, ba mota, ba Junín,
sai wannan rawayar aba mai gashi
da kusurwar da na zaɓa tun kafin in ɗaga hannu.
Na cilla ta sama. Iska ta ɗan ja ta.
Na bi ta.

Awa guda bayan nan Abril ta cinye, bakwai da biyar.
Na miƙa mata hannu a kan raga,
kuma nawa ne na miƙa, ba ya rawa.

A motar haya ta dare, babana ya yi barci da hula a fuska.
Na buɗe littafin da Nélida ta ce in riƙa cikewa.
Tambayar kullum: me kika riƙe yau?
Ba ta tambayar me na ci.
Na rubuta: numfashi, sau da yawa, ban da sau uku.
Na rubuta: bayan kuskuren nan ban gudu ba,
na tsaya a cikinsa har ya huce.

Gwaggo ta leƙo kafaɗata tana karantawa.
Ta ce, "Amma dai an cinye ki."
Na ce, an cinye ni.
Matsa kaɗan, socks ɗina sun cika da jar ƙasa,
gobe da bakwai akwai atisaye,
kuma ke ma za ki.