Kwaɗo a Ƙofar Muryar Galma

Ɗakin da muke watsa magana
da can rumbun Alhaji Barau ne, a Dakace;
har yau in rana ta take, ƙanshin masara yake.
Yusha'u mai gyaran rediyo ya haɗa na'urar
da hanjin tsohuwar talabijin da batirin tifa,
ya ɗaure eriya a kan gora,
goran a ƙololuwar mangwaro.
Muka ce, "Salamu alaikum, mutanen Galma,"
sai ga yaro a guje daga fadama:
"Wallahi an ji ku! Har bakin gada an ji ku!"

Shekara biyu da wata huɗu.
Lantana ke karanta sanarwa:
jar akuya mai tsagaggen kunne ta ɓata;
tumatir ya faɗi a Sabon Gari, kar a yi gaggawar tsinka;
kogi ya taso, masu injin ban-ruwa a gaɓa
a kwashe yau, ba gobe ba.
Ba mu zagi kowa ba.
To, sau ɗaya: mai cuɗa taki da yashi.
Shi ma ba mu kama suna ba,
shagonsa kawai muka kwatanta.

Ranar Talata suka zo, su uku, a farar mota.
Babbansu ya tuɓe takalmi kafin ya shiga,
wannan kam ba zan hana shi ba.
Ya ce, "Ina lasisi?"
Na ce, "Iska ce, ranka ya daɗe, iskar garinmu."
Ya ce, "Iskar ma an auna ta, an yanka ta fegi-fegi,
kowane fegi da mai shi."
Sannan ya faɗi abin da ya sa Yusha'u sunkuyar da kai:
wai wani ɗalibin tuƙin jirgi
yana shawagi saman Palladan,
yana jiran izinin sauka,
sai ya ji Lantana a kunnensa
tana cigiyar akuya.

Dariya ta zo mini har maƙogwaro. Na haɗiye.
Ɗan wani ne a can sama,
kuma ƙasa da nisa.

Suka datse kwaɗo. Suka manna takarda mai hatimi.

Sau uku ina zuwa Abuja da kuɗin karo-karo.
Fom ɗin Turanci ne zalla, shafi goma sha bakwai.
Yana son kwamitin amintattu, shaidar rajista, bayanin banki,
tsawon eriya, ƙarfin wuta,
da daidai inda muryarmu za ta ja birki.
Babu layin da ya tambayi
inji nawa suka tsira daga ambaliya.
Kuɗin da aka yanka na lissafa a motar dawowa,
na mai da shi kwandunan tumatir,
kafin Jaji lissafin ya ƙwace mini.
Wata a ofis ta ce, "Fayil ɗinku yana kan tebur."
Teburin wa, ba ta faɗa ba.

Ban ce kar a yi doka ba.
Ko fadama, in ba a raba ruwa da ƙa'ida ba,
na ƙarshen kwari ƙura zai girba.
Amma kayan raƙumi ne
aka ɗora wa ɗan akuya,
ana jira ya miƙe.

Daren jiya Galma ta cika ba sallama.
Lantana ta ari lasifikar mai tallan magani,
ta hau bayan babur ɗin Yusha'u,
gona-gona, cikin taɓo,
har muryarta ta dishe.
Ba su kai ga Tanko ba.
Injinsa biyu sun bi ruwa,
ɗaya ma bai gama biya ba.

Da safe na bi ta ƙofar rumbun.
Kwaɗon ya fara tsatsa,
zanzaro ya gina ɗaki a ramin makulli,
shi ba wanda ya tambaye shi takarda.
A zauren maƙwabta, Inna Kande na tsince wake,
rediyonta a gefe, allura a kan lambarmu,
ba abin da ke fita sai shuuu.
Na ce, "Inna, kina cinye batir a banza."
Ta ce, "Bar shi.
Kar su dawo ban sani ba."